Saran Farko a Rijiyar Lafani

Malam Sambo ya cuce ni, kuma gara in faɗa tun a bakin ƙofa, kada wani ya ce na ɓoye ta cikin zance. Ya sa ni gina rijiya a Lafani, wadda mu nan muke ce wa Lahani, na kai ta inda ba a tsayawa, sai ya ajiye kujerarsa ta majalisa ya shiga shirin barin ƙasa, bai ko aiko mini da baki ba. A rediyon mai shayi na ji, ni da 'yan lodin tasha. Mutumin da muka zauna tabarma ɗaya a elementare ke nan.

Saboda ku nake wannan rubutu, ku samarin da ke zuwa ƙofar gidana a Illela kuna cewa in koya muku ginin rijiya, wai sana'a ce da ba ta son komai sai ƙarfi. Rubutuna na ɗan aji uku ne, ku karanta da haƙuri. Sunana Arzika. Ubana ma rijiya ya gina har bayansa ya ƙi miƙewa. Mu nan gina muke cewa, mutanen Kano su ce haƙa, ramin dai ɗaya ne.

Rijiyar da na fara shiga a Darna Sabon Gari take, ina bayan Baba. Ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya ja da'ira a ƙasa, ya ce in dubi faɗin nan da kyau, don shi ne ɗakina har mu ga ruwa. Kayan aikin ba su cika buhu ba: gajeren dagi, 'yar fartanya, masaba, gugan fata, igiyar kaba, da wani dutse ɗaure a zare na duba miƙewar bango. In bango ya karkace da faɗin yatsa a sama, kafin ka kai ƙasa ya zama kamu guda, guga ya riƙa dukan gefe yana zubo maka tsakuwa a ka. Kana gina kana sassaƙa matakai a bango, hagu da dama, don da su za ka fita. In guga ya cika ka girgiza igiya, sai ka manne da bango kamar tsaka har ya kai waje, domin abin da ya faɗo daga sama ba ya sallama. Kwanakin farko kana hira da mutanen waje, har a miƙo maka fura. In aka yi nisa sai sama ta koma kamar faifai, zafi ya rufe ka, ba ka jin komai sai numfashinka. A nan ne masu ƙarfi da yawa suke tunawa suna da gona.

Akwai wata da muka yi a gidan wani mai fataucin goro nan cikin Illela. Lokacin Baba ya rasu, Jabbi mijin yayata shi ke riƙe mini igiya, kuma shi ya riƙe ta har na daina sauka. Ya zura fitila da safe kamar kullum kafin in shiga, sai ta mutu tun ba ta kai rabi ba. Mai gida ya ce iska ce ta hure ta, mu daina ɓata masa rana. Jabbi ya yanko rassan sabara ya ɗaura a igiya, muka yi ta zurawa muna ja, muna zurawa muna ja, har hantsi, sannan fitila ta sauka da ranta. Iskar rijiya tana lalacewa ba wari ba alama. Wanda ya shige ta ba ya ko ihu, zama kawai yake yi ya jingina da bango. Duk wanda zai bi ni a cikinku, fitila ce ke riga shi sauka, ko da mai rijiya zai yi ta zagi har azahar.

Masu rijiya kuwa, kowannensu yana ganin ruwa na kusa. Bafulatani zai tsaya a bakin rami da sandarsa yini guda bai ce uffan ba, in ka fito ya tambaye ka ko shanu za su sha jibi. Attajiri zai nuna maka tsakar gidansa ya ce a nan yake so, ko da kan dutse ne. Mata ne kawai ba sa tambaya. Su ƙasar da aka fitar suke dubawa, su murza ta a hannu, su tafi.

Ta Araba ba mu muka fara ta ba, ba mu muka ƙarasa ta ba, amma ta fi kowace koya mini. Baba ne ya kai ni na gan ta, rijiya mai kyau, ruwa na ƙyalli a ƙasa, an rufe bakinta da ƙaya. Wani mutum ne ya fara ta, ya tafi fatauci ya daɗe, sai ƙanensa ya ɗauko wasu suka ƙarasa da kyakkyawar niyya. Da wan ya dawo ya ce an sace masa lada, shi bai halatta ruwan ba. Rabin gari suka daina sha don tsoron haƙƙi, sauran suka daina don gudun faɗa. To ga ƙa'idar. Kafin mu taɓa ƙasa, mai rijiya ne ke karɓar dagi, ya yi bismilla, ya yi saran farko. Daga nan rijiyar tasa ce a gaban Allah da mutane. Siminti ko hatsin wani ba ya shigarta, sai in shi ya buɗe baki a gaban shaidu ya ce ya saki. Ba takarda, ba ɗan aike. Na tambayi malaman garin nan, sun ce ba su gan ta a littafi ba, amma su ma ban ga sun ƙetare ta ba.

Yanzu in gaya muku ko wane ne Sambo. Ɗan Lafani ne, ubansa ya rasu yana goye, uwarsa Inna Tumba ta kawo shi Illela gidan kawunsa don ya yi karatu. Ni Baba ya cire ni a aji uku da bayansa ya fara ciwo. Sambo ya wuce Midil a Sakkwato, ya fito malamin makaranta, shi ya sa nake kiransa Alli, shi kuma yana kirana Gahiya, wai ba ni da aiki sai tonon rami. Da aka zo zaɓen da ya kai mu ga 'yancin kai ya tsaya, ya ci, ya tafi majalisar Ikko.

Kada ku ɗauka labarin ɓarawo nake ba ku. Da ɓarawo ne da tuni na manta da shi. Mutum ne da ko yaushe ya miƙe a majalisa zancen ruwa yake yi, har abokan zamansa suka laƙaba masa Wakilin Guga. Mukan ji muryarsa a rediyo, tsofaffi su ce a yi shiru ɗan Tumba na magana. Kowa ya san minista ake shirin ba shi. Amma in ya zo gida, duk inda nake aiki sai ya sa a kai shi. Ya cire takalmi, ya zauna kan tulin ƙasa da babbar rigarsa, ya leƙa ya ce Gahiya ta fito ta gaida baƙo. Ni kuma in ce a gaya wa Alli ya matsa daga bakin rami, surutun majalisa na iya rufta bango.

Ta Lafani bayan kaka muka fara ta. Garin ba su da rijiya mai kai rani, mata sai su fita tun asuba zuwa fadama, su dawo rana ta take. Inna Tumba ta yi wannan tafiya har gashin tsakiyar kanta ya ƙare saboda gammo, kuma ta rasu a daminar da ta wuce ba ta ga rijiya a garinsu ba. Sambo ya ce mini wannan ba ta hukumar En'e ba ce, ba ta jam'iyya ba ce, daga aljihunsa za ta fito, sadaka ce ga Inna. Ranar farawa gari duk ya fito. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya kai sara, dagin ya yi tsalle ya kusa samun ƙafarsa. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Na ce masa alli ya fi sauƙi. Amma sara dai ya saru, kowa ya gani.

Mun ratsa jar ƙasa ba wahala, muka ratsa marmara, sai muka ci karo da fa. Dutse irin wannan masaba kaɗai ba ta iya masa. Sai ka tara kara da itace a kansa ka hura wuta, ka fito, ka bari ya yi ja, sannan a kwara masa ruwa daga sama ya tsage. Ruwan nan matan Lafani ne suka ɗauko shi a ka daga fadama, suka zuba a rami suna kallo, ba wadda ta yi ƙorafi. Kana jira hayaƙi ya fita, fitila ta sauka, ka shiga ka kwashe abin da ya fashe, gobe a sake. Haka muka cinye sanyi.

Ƙarƙashin fa rairayi ne, kuma a nan sana'ar take. Rairayi ba ya tsayuwa da kansa. Ka gina kaɗan, ka sa ƙarfen zubi, ka zuba zoben siminti, ka jira ya kama, sannan ka ƙara. Wannan ba a wurin Baba na koya ba, shi da itacen ƙirya yake tare bango, a wurin ma'aikatan rijiyar En'e na gani. Simintinmu daga Sakkwato Sambo ke aiko shi kaɗan-kaɗan, yadda albashi ya ba shi hali. Da buhun ƙarshe ya ƙare direbansa ya ce mota na tafe ranar kasuwa, don haka na ci gaba da zurfafawa ƙasa da zoben ƙarshe. Rairayin ya fara danshi. Jabbi ya dunƙula shi a hannu bai wargaje ba, ya sa a hanci, ya dube ni. Ruwa ya kusa. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ba mota.

Na shigo Illela in nemi labari, na zauna teburin mai shayi, sai ga sunan Sambo a rediyo. Wai ya ajiye kujerarsa, zai tafi ƙasar Sudan ya shugabanci aikin wata ƙungiyar agaji mai kula da mutanenmu da suka tafi Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a hanya. Nan take teburi ya rabu biyu. Wasu suka ce waliyyi ne, wasu suka ce sammu aka yi masa, in ba haka ba wa ke tashi daga kujerar da ake fasa wa juna kai a kanta. Mai shayi ya juyo ya tambaye ni, tunda ni abokinsa ne, yaushe ya gaya mini. Na shanye shayina na tashi.

Ban ce aikin banza ya tafi yi ba. Da wuya ka sami gida a Illela da ba shi da wanda ya yi gabas bai dawo ba. Ƙanen Baba ma haka ya tafi, labarin ƙarshe da muka ji yana tsinkar auduga a can don ya tara kuɗin jirgin ruwa. Amma ni ina da rami buɗe a cikin rairayi, ga bazara ta kama.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Kullum da la'asar hadari na haɗowa a gabas yana watsewa, kullum bangon ƙasa yana zubewa kaɗan-kaɗan. Ruwan sama mai ƙarfi guda ɗaya ya isa ya kwance rairayin, zobban da ke sama su bi shi, aikin rani guda ya koma kwari. Muka rufe baki da zana da ƙaya, duk da haka akuyar wata tsohuwa ta faɗa. Aka fara kiran wurin ramin Arzika. Wani da ya yi mini alkawarin aiki a Darna ya fasa, wai an ce hannuna ya daina kai wa ga ruwa. Matan da suka ɗebo ruwan fasa dutse in sun wuce ni sukan gaishe ni kamar da, kuma wannan ya fi zagi nauyi.

Samarin garin suka ce a nemo siminti ko daga ina a zuba, mai gari ya ce ba a idonsa ba, bai shirya yin ta Araba ba. Na je wurin Alhaji Nomau, attajiri ne da ke fatauci tsakanin nan da Konni, matarsa 'yar Lafani ce. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Siminti na nan Konni, gobe ma sai in sa a ɗauko. Amma ba ni shiga rijiyar da wani yas sara, Arzika. Taho min da bakinai."

Washegari ni da Jabbi muka hau motar fatu zuwa Sakkwato. Gidan Sambo ya cika da masu sallama, motoci a jere, maroƙa na ta yi masa kirari. Mai tsaron ƙofa ya dubi ƙafafunmu ya ce yau manyan baƙi ake gani. Muka koma gindin bango muka zauna. Da aka kira azahar Sambo ya fito masallacin ƙofar gida, muka bi sahu. Yana idar da sallama ya waiwayo, idonsa ya faɗa kaina a ƙarshen layi. Ya sunkuyar da kai. Da aka shafa addu'a ya ratso mutane, ya kama wuyan hannuna, ya ja ni har muka shiga wani ɗaki da ke cike da akwatuna ɗaure da igiya. Jabbi ya biyo mu ya tsuguna a bakin ƙofa.

Sambo ya rame. Ya fara bayani tun ban tambaya ba. Ya ce a hanyarsa ta dawowa daga hajji ya tsaya a wani zango a can Sudan, ya iske mutanenmu cikin bukkokin buhu, wasu an haife su a hanya har sun yi aure a hanya. Wata tsohuwa ta ji harshensa ta riƙe masa riga tana tambaya ko an yi ruwa a Araba bana. Ya ce tun daga ranar bai ƙara jin daɗin kujera ba, ga majalisa ta koma wurin zage-zage, ya yi shekaru yana kiran ruwa bai ga abin da ya kai bakin kowa ba. Zancen rashin aiko mini kuwa, ya ce ya sha ɗaukar alƙalami yana ajiyewa, kunya ce. Abin da ya rage masa ya tafi a shirin tafiya, amma da zarar ya zauna a can zai aiko da na siminti. In rufe ta in jira shi zuwa baɗi.

Na ce masa rairayi bai san baɗi ba. Na ce akwai mai siminti, bakinsa kaɗai ake jira.

Ya dubi akwatunan nan.

"Gahiya," ya ce, "ita kaɗai ce abin da niy yi ma Inna. In na sake ta, mi ya rage min?"

Na ce masa ni ba malami ba ne, ban san yadda ake rabon lada ba. Abin da na sani, in ruwan farko ya sauka, ba za a ce Sambo ya yi wa uwarsa rijiya ba, rami za a ce, kuma matan da suka yi zaman makokinta za su ci gaba da tafiya fadama. Jabbi ya yi gyaran murya don in sassauta, ban sassauta ba.

Ya tashi ya leƙa waje, ya kira direbansa da wani tsohon malami da ya ba mu salla. Ya tsaya a gabansu, ya cire hularsa ya riƙe, abin da ba a buƙata ba.

"Ku shaida," ya ce. "Rijiyar da nis sara Lahani, na sake ta. Wanda Allah ya ba iko shi ƙarasa."

Sauran kun sani, tunda wasunku da ruwanta aka yi musu wankan jego. Raƙuma suka kawo siminti daga Konni, muka zuba zobba hadari na bisa kanmu, ni da Jabbi da duk namijin da ke iya ɗaukar kwano. Ruwa ya tsattsafo wata safiya, fari kamar ƙullu, kafin yamma ya kwanta. Mun gama ɗaure bakinta ba da daɗewa ba sama ta saki. Ba wanda ya ba da umarni, amma Rijiyar Tumba ake kiranta, kuma a bakin Alhaji Nomau na fara jin sunan. Kujerar da Sambo ya bari ma ba ta daɗe ba soja suka kwashe kujerun duka. Shi yana can har yau. Alhazai kan kawo labarinsa, wai ya yi furfura, wai yana cika motoci da mutane yana turo su gida.

Amma ba a kan sakin rijiya muka rabu ba. Da shaidu suka fita, ya rako ni bakin ƙofar ɗaki, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce tafiyar mai nisa ce, rai kuma na Allah ne, in yafe masa. Kun san al'ada. Mai doguwar tafiya ba a hana shi wannan, tun safe kowa ke ce masa na yafe duniya da lahira, har waɗanda bai taɓa yi wa komai ba. Jabbi ya amsa nasa nan take. Ni na bar hannuna cikin nasa.

Na ce, "Ba ni yahe ma yau, Alli. Duk mutanen ga sun yahe ma, shi ya sa ba ka da abin dawowa wurinsu. Ni ina riƙe da nawa. Tahi ka maido bayin Allah gida, in ka gama ka maido kanka. Ka iske ni Lahani, ka ja guga da hannunka, ka sha a gabana. Ran nan sai ka sake tambaya ta."